Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Ikilisiyoyin Arewa: Bam Ba Shi da Addini

Zuwa ga iyayenmu bishof-bishof, rabaran-rabaran, fastoci da masu bishara, dattawan ikilisiya, da iyayenmu shugabannin Zumuntar Mata.

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya aikin Ubangiji, yaya kuma haƙuri da mu? Allah ya ƙara muku ƙarfi. Ni ɗan ikilisiya ne kawai, ba ni da kujera a kowace majalisa, don haka idan na yi tsallake a magana, ku yafe wa ɗanku.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne irin maganganun da ke fitowa daga bakin matasanmu duk lokacin da manyan ƙasashe suka fara zare wa juna ido. A watan Yunin 2025, da Isra'ila da Iran suka kwashe kwana 12 suna ɓarin wuta, har Amurka ta kai hari kan cibiyoyin nukiliyar Iran a Fordo da Natanz da Isfahan, duk wanda ya leƙa Facebook ya ga yadda muka rabu gida biyu kamar masu kallon ƙwallo. Wasu 'ya'yanmu, waɗanda suka tashi a makarantar Lahadi, suna rubuta cewa a sakar musu nukiliya kawai a huta. Daga ɗaya ɓangaren kuma wasu 'yan'uwanmu Musulmi suna alfahari da bam ɗin Pakistan, suna fatan Iran ta samu nata. Kowa ya ɗauka akwai bam na addininsa. Musulmi suna da malamansu, su za su yi musu magana. Namu yaran kuwa a hannunku suke, kuma ina jin ba a taɓa zaunar da yawancinsu an gaya musu inda Ikilisiyar duniya ta tsaya a kan makaman ƙare-dangi ba.

Ku ba ni dama in fara da Nagasaki, domin labarinta namu ne.

A 1614 mahukuntan Japan suka haramta addinin Kirista. An gicciye wasu, an ƙona wasu, sauran suka ɓoye bangaskiyarsu. A unguwar Urakami da ke Nagasaki, iyaye suka riƙa yi wa 'ya'yansu baftisma a ɓoye, suna koya musu addu'a da baki, babu fada, babu majami'a, har kusan shekara 250. Sai a 1873 aka ɗage haramcin. Talakawan nan, yawancinsu manoma, suka fara gina babbar majami'arsu a 1895, da kuɗin guminsu, ba a kammala hasumiyoyinta ba sai 1925. A lokacin tana cikin manyan majami'u a duk gabashin Asiya.

Ranar 9 ga Agusta 1945, jirgin Amurka ya tashi daga tsibirin Tiniyan ɗauke da bam. Birnin Kokura aka nufa, amma hayaƙi da gajimare suka rufe shi, sai matuƙan suka juya zuwa Nagasaki. Da ƙarfe 11:02 na safe bam ɗin ya fashe a saman Urakami, kimanin mita 500 daga majami'ar. A ciki akwai limamai biyu da masu ibada da suka zo furta zunubi, suna shirin idin ɗaukar Maryamu zuwa sama na 15 ga wata. Babu wanda ya fita. Daga cikin Kiristocin Urakami kimanin 12,000, wajen 8,500 suka mutu. Abin da sarakunan da ke ƙin bishara suka kasa yi cikin ƙarni biyu da rabi, ƙasar da ke aiko mana da mishan ta yi shi kafin a ƙifta ido. Kafin ƙarshen shekarar, mutanen Nagasaki kimanin 74,000 sun mutu, na Hiroshima kuma kimanin 140,000, kuma jinin mabiya addinin Buddha da ke cikinsu bai fi na Kirista arha ba. Na dai ambaci Urakami ne domin yaron da ke tsammanin bam ɗin "ƙasar Kirista" zai tsallake Kirista.

Limamin Katolika da ke kula da sojojin saman nan a Tiniyan, Fada George Zabelka, bai ce uffan ba a lokacin. Sai bayan shekara 30 da wani abu ya fito fili ya ce shirun da ya yi laifi ne, ya ƙarasa rayuwarsa yana wa'azin ƙin yaƙi, har ya je Japan neman gafara.

Ba zan ɓoye muku ba, Ikilisiya ma ta yi jan ƙafa. A Amsterdam, 1948, taron farko na Majalisar Majami'u ta Duniya ya ce yaƙi ya saɓa wa nufin Allah, amma wakilan ba su iya haɗa baki kan ko Kirista zai iya shiga yaƙin zamani ba. Sai da duniya ta leƙa bakin rami a rikicin Kyuba na Oktoban 1962, lokacin da Amurka da Tarayyar Sobiyet suka kusa gwabza yaƙin nukiliya, sannan Paparoma John na 23 ya fitar da wasiƙarsa kan salama a duniya a Afrilun 1963, yana neman a haramta makaman nukiliya. A 1965 babban taron Batikan na biyu ya yanke cewa duk aikin yaƙin da ya nufi shafe birane ko manyan yankuna tare da mazaunansu, laifi ne ga Allah da kuma ɗan Adam. Wannan hukunci ne kan amfani da bam. Ajiye shi fa? A nan aka daɗe ana kwana-kwana. A 1982 Paparoma John Paul na 2, wanda ya je Hiroshima shekara guda kafin nan, ya aika wa Majalisar Ɗinkin Duniya saƙo cewa ana iya lamuntar ajiye makamin don razana abokin gaba, muddin mataki ne na wucin gadi a hanyar kwance ɗamara. Bishof-bishof na Katolika a Amurka suka bi wannan layi a 1983, da sharuɗɗa masu tsauri. A shekarar ce kuma babban taron Ikilisiyar Ingila ya ƙi amincewa da shawarar kwamitinsa cewa Birtaniya ta ajiye nata makaman ita kaɗai.

Amma a wannan 1983 ɗin, a birnin Vancouver na Kanada, Majalisar Majami'u ta Duniya ta ce ƙera makaman nukiliya da girke su, ba amfani da su kaɗai ba, laifi ne ga bil'adama. Ina tuna muku cewa wannan majalisa ba baƙuwarmu ba ce. Anglika da Methodist da Baptist da Presbyterian na Najeriya duk suna cikinta, haka ma Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya. A 1986 bishof-bishof na Methodist a Amurka su ma suka ce ba za su sa wa dabarar razanarwa albarka ba. Katolika kuwa ta jira ta ga ko wucin gadin zai wuce. Har bayan shekara 35 wucin gadin bai wuce ba. Ranar 10 ga Nuwamba 2017 marigayi Paparoma Francis ya ce barazanar amfani da makaman, har ma da mallakarsu kanta, abin la'anta ne. Ya maimaita a Hiroshima ranar 24 ga Nuwamba 2019, bayan ya tsaya a Nagasaki da safiyar ranar.

Har yanzu dai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, kuma wannan ne ya fi damuna. A watan Mayun 2019 an yi sujada a majami'ar Westminster da ke Landan domin cikar shekara 50 da jiragen ƙarƙashin teku na Birtaniya suka yi suna sintiri da makaman nukiliya ba tsayawa, yayin da wasu limaman Anglika ke waje suna zanga-zanga. A Rasha, garin Sarov, inda waliyyi Serafim ya yi zaman ibadarsa, shi ne aka mayar cibiyar ƙera bam, aka kuma ɗauki waliyyin a matsayin majiɓincin rundunar nukiliya. Shugaban Ikilisiyar Otodoks ta Rasha, Kirill, ya sha yaba wa waɗannan makamai a matsayin abin da ya kare ƙasarsa. Ga bam yana samun albarka da sunan Almasihu a gabas da yamma, kowane yana auna ɗan'uwansa. Idan ku ba ku yi magana ba, muryar waɗannan ce za ta iso wayar yaranmu.

Na san hujjar masu goyon bayan bam, kuma ba wawaye ba ne. Za su ce shekara 80 ke nan manyan ƙasashe ba su gwabza kai tsaye ba saboda tsoron juna. Za su nuna Yukiren, wadda ta miƙa makaman da ta gada daga Tarayyar Sobiyet bayan yarjejeniyar Budapest ta 1994, ga shi an mamaye ta. Za su nuna Gaddafi, da ya watsar da shirinsa a 2003, aka kashe shi a 2011. Ba a amsa wannan da tsaki. Amma a duba yadda aka tsira a cikin shekarun nan. A Janairun 1961 jirgin yaƙin Amurka ya tarwatse a sama kusa da Goldsboro, bama-bamai biyu suka faɗo a cikin ƙasarsu, ɗaya saura ƙiris ya tashi. A rikicin Kyuba, wani hafsan jirgin ƙarƙashin teku na Sobiyet, Vasili Arkhipov, shi ya ƙi yarda a harba makamin nukiliya. Ranar 26 ga Satumba 1983 na'urar Sobiyet ta nuna cewa Amurka ta harbo makamai masu linzami, hafsan da ke bakin aiki, Stanislav Petrov, ya yanke cewa na'urar ce ta yi ƙarya, kuma haka ne. Hasken rana ne a kan gajimare ya ruɗe ta. Wannan ba tsaro ba ne, jinƙan Allah ne, kuma an rubuta kada mu gwada Ubangiji Allahnmu. Abin ya yi kama da maƙwabta biyu a tsakiyar rani, rumbunansu na manne da juna, kowa riƙe da bakin wuta, suna cewa zaman lafiya ake yi tunda har yau ba wanda ya cinna.

Akwai kuma abin da ku kuka fi ni sani. Razanarwa ba ta aiki sai abokin gaba ya tabbata da gaske kake, wato sai ka ƙudurta a zuciyarka cewa ranar da ta kama za ka ƙona birni da jariransa da asibitocinsa. Sai ka horar da samari su zauna dare da rana da makulli a hannu, a shirye su murɗa. Ubangijinmu da ya koyar a kan dutse cewa zunubin kisa da na zina daga zuciya suke farawa, yaya zai ɗauki wannan ƙuduri? Ina ganin ko ɗalibin shekarar farko a makarantar tauhidi zai iya amsawa.

Wani zai ce mu ina ruwanmu, abu yana can ƙetaren teku. Ba can yake ba. Yawancin yuraniyom ɗin da Amurka ta yi aikin bam ɗinta na farko da shi daga mahaƙar Shinkolobwe ta Kwango aka haƙo shi. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, mai ƙarfin da ya ninka na Hiroshima wajen sau huɗu, a lokacin hunturu, lokacin da iska ke kwaso ƙurar hamada zuwa kanmu. Taswirar sojojin Faransa da aka fitar daga sirri bayan shekara 50 ta nuna burbushin ya kai Chadi da Mali da wasu sassan Afirka ta Yamma. Gwaji 17 Faransa ta yi a Aljeriya tsakanin 1960 da 1966. Iyayenmu ba su yi shiru ba. A Janairun 1961, Najeriya tana da wata uku kacal da samun 'yanci, gwamnatin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa, ta hana jiragen sama da na ruwan Faransa shigowa. Kafin nan ma, a Disamban 1959, wata tawaga ta tashi daga Akara da goyon bayan Kwame Nkrumah, da niyyar shiga filin gwajin da jikinsu don a fasa. Cikin jagororinta akwai limamin Anglika, Rabaran Michael Scott. Jami'an Faransa suka tare su a Upper Volta, Burkina Faso ta yau, suka mayar da su. Ba su kai Reggane ba, amma limami ne a gaba.

Ga kuma Arlit a arewacin Nijar, inda ake haƙar yuraniyom tun 1971, garin da Hausawa da Buzaye da yawa suka ci abinci a cikinsa. An rufe mahaƙar Akokan a 2021, an bar tulin dusar ma'adinin a fili, kuma tun 2009 masu bincike daga waje suka auna tururin guba fiye da ƙima a wasu titunan garin. Mutanen da ke shaƙar wannan ƙura harshenmu ɗaya da da yawansu.

Ko da ba a jefa ko ɗaya a Afirka ba, yunwa za ta same mu har gida. Wani bincike da masana a Jami'ar Rutgers ta Amurka suka jagoranta, aka buga a 2022, ya ƙiyasta cewa hayaƙin biranen da za su ƙone zai tare rana, ya rage zafi da ruwan sama shekaru da dama. Yaƙin nukiliya tsakanin Indiya da Pakistan kaɗai na iya jawo mutuwar mutum biliyan 2 ta hanyar yunwa, na Amurka da Rasha kuwa sama da biliyan 5. Mu da damina ɗaya ke riƙe da mu, muka kuma ga yadda farashin taki da fulawa ya haukace a 2022 saboda yaƙin Yukiren, ba ma buƙatar dogon bayani. Yau ƙasashe tara ke riƙe da kawunan nukiliya kimanin 12,000, kusan kashi 90 cikin 100 a hannun Amurka da Rasha. A 2024 sun kashe sama da dala biliyan 100 a kansu, kusan ninki goma na abin da Hukumar Abinci ta Duniya ta samu a shekarar.

Iyayena, na san abin da ke zuciyar wasunku, kuma shi ne mafi nauyi. Za ku ce, ɗana, mu da muke binne mutane a Filato da Binuwai da Kudancin Kaduna, mu da aka sace mana 'yan mata a Chibok a 2014, aka kori Ekklesiyar 'Yan'uwa daga hedkwatarta a Kwarhi a shekarar, yaushe muka samu sararin zancen nukiliya? Bindiga ce ke kashe mu. Gaskiya ne, kuma ba na neman ku rage ko minti ɗaya daga wannan kuka. Abin da nake gani shi ne tushen guda ne. Yaron da ya yarda cewa halal ne a shafe Tehran da duk wanda ke cikinta saboda shugabanninta, ya riga ya yarda cewa halal ne a ƙona ruga ko unguwa saboda laifin mutum uku. Wanda ya kashe mana mutane a ƙauye, da wannan lissafin ya zo: cewa akwai jama'ar da jaririnsu ma abokin gaba ne. Ba za mu la'anci lissafin idan an yi mana shi, mu tafa masa idan za a yi wa wasu ba. Kuma ikilisiyar da ta san ƙaurin gidan da aka ƙona, idan ta yi magana kan ƙona birane, duniya za ta saurare ta fiye da yadda take sauraron farfesa.

Abin mamaki, a wannan fage gwamnati ta riga mu. Najeriya na cikin ƙasashe ƙalilan, tare da Afirka ta Kudu da Austiriya da Ayaland da Meziko da Barazil, da suka ja ragamar yarjejeniyar haramta makaman nukiliya, wadda ƙasashe 122 suka amince da ita ranar 7 ga Yuli 2017. Fadar Batikan na cikin ukun farko da suka tabbatar da ita. Najeriya ta tabbatar ranar 6 ga Agusta 2020, daidai cikar shekara 75 da harin Hiroshima, yarjejeniyar kuma ta fara aiki ranar 22 ga Janairu 2021. Nahiyarmu tana da yarjejeniyar Pelindaba, wadda ta haramta makaman nukiliya a Afirka, tun 1996, kuma Afirka ta Kudu ce ƙasa ɗaya tilo da ta ƙera bam da kanta, guda shida, sannan ta wargaza su. Ƙasashe tara masu makaman babu wadda ta shiga sabuwar yarjejeniyar, wannan gaskiya ne. Amma 'yan Najeriya nawa ne ma suka san ƙasarsu ta shiga? Takardar da jama'a ba su san da ita ba, kowace gwamnati na iya mantawa da ita ranar da wata babbar ƙasa ta matsa mata.

Wataƙila a cikinku akwai wanda ya taɓa jin sunan Sista Megan Rice. Ba'amurkiya ce, ta yi kusan shekara 40 tana koyarwa a Najeriya da Gana. A Yulin 2012, tana da shekara 82, ita da wasu maza biyu suka yanke shingayen cibiyar Y-12 a jihar Tennessee, inda Amurka ke ajiye yuraniyom na bam, suka isa jikin ginin, suka rubuta ayoyi a bango, suka tsaya suna waƙa har masu gadi suka zo. Annabcin Ishaya 2:4 suka riƙe, inda za a mayar da takuba garemani. Ta yi shekara biyu a kurkuku kafin kotun ɗaukaka ƙara ta soke babban laifin a 2015. Ba ina cewa ku tura kowa ya yanke shinge ba. Abin da nake roƙo bai kai haka tsada ba.

Ku ware Lahadin da ta fi kusa da 6 da 9 ga Agusta kowace shekara, a yi wa'azi a kan wannan batu, da Hausa, a ba da labarin Urakami, a faɗa ƙarara cewa Kirista ba ya yi wa kowane birni fatan wuta. Yaƙub da Yahaya sun taɓa neman izinin kiran wuta daga sama kan wani ƙauyen Samariyawa, kun san yadda Ubangiji ya juya ya tsawata musu a Luka sura 9. Nassin yana nan, ba sai an nemo daga waje ba. Ku sa malamanmu na makarantun tauhidi na Bukuru da Jos da Kagoro su fassara matsayar Vancouver da ta Batikan zuwa Hausa mai sauƙi, a 'yan shafuka, yadda mai bishara a ƙauye zai iya karanta wa jama'arsa. Iyayenmu mata kuwa, na san idan Zumuntar Mata ta sa abu a waƙa, ya shiga gari ke nan.

Sa'an nan kuna da abokai a waje. Ikilisiyoyin Amurka da Ingila da ke gayyatarku taro, suna tambayarku halin da muke ciki, ku ma ku tambaye su abin da suke gaya wa gwamnatocinsu game da makaman da ake sabuntawa da harajinsu. Mun daɗe muna karɓar wa'azi daga wajensu, ba laifi ba ne su ma su karɓa daga wajenmu. A teburin da kuke zama da sarakuna da malaman Musulunci kuwa, ku kawo maganar. Ina kyautata zaton za ku tarar da su a shirye, domin su ma suna da koyarwa mai ƙarfi kan haramcin kashe mata da yara da tsofaffi a yaƙi. Sanarwa ɗaya mai ɗauke da sa hannun bishof da na limamin Juma'a, cewa babu bam ɗin Kirista babu na Musulmi, za ta yi aiki a wayoyin yaranmu fiye da wa'azi goma.

Akwai isasshen lokaci kafin Agusta mai zuwa a sa wannan cikin ajandar majalisunku. Idan ana buƙatar masu taya fassara ko buga takardu, akwai irina da yawa a kujerun baya, ku sanar a lokacin sanarwa, za mu miƙe.

Naku cikin Almasihu,
Ɗanku, wani ɗan ikilisiya daga Zariya